Yadda Takardun Malcolm X Suka Tsallake Rijiya Da Baya

Ranar 21 ga Fabrairu, 1965 aka harbe Malcolm X, wato Alhaji Malik El-Shabazz, yana shirin yin jawabi a wani zaure a birnin New York. Wannan bawan Allah da ya sadaukar da rayuwarsa wajen ƙwato wa baƙar fatar Amurka haƙƙinsu, ya bar wasiƙu da jawabai da hotuna, da kuma littattafan da ya riƙa rubuta abin da ya gani kullum a tafiyarsa ta 1964. A tafiyar nan ce ya sauke farali a Makka, sannan ya zo Nijeriya, inda ɗalibai a Ibadan suka laƙaba masa suna Omowale, ma'ana ɗa ya dawo gida.

Mai ɗakinsa Betty Shabazz ce ta riƙe kayan har Allah ya yi mata rasuwa a 1997. Daga nan sai takardun suka ƙare a wani ɗakin ajiya na haya a jihar Florida. Kuɗin haya ya taru ba a biya ba, masu wurin suka yi gwanjon abin da ke ciki. Kwatsam a 2002 sai ga su a gidan gwanjon Butterfields da ke San Francisco, za a sayar da su kashi-kashi ga duk wanda ya fi tayi. Da hakan ta faru, da sun watse a gidajen attajirai, mai bincike ba zai sake ganin su a haɗe ba.

Iyalinsa da masana suka tashi tsaye, aka dakatar da cinikin. A 2003 aka damƙa takardun amana ga Cibiyar Schomburg da ke unguwar Harlem na tsawon shekara 75, amma mallakarsu tana hannun iyalin. Da su Manning Marable ya yi amfani wajen rubuta tarihin marigayin da ya fito a 2011, kuma a 2013 aka buga littafin tafiyar tasa.

To, 'yan uwa marubuta, bashin haya kawai ya kusa salwantar da tarihin mutum irin wannan a ƙasar da ta cika da ɗakunan karatu. Mu da gara da ɗigar ruwa da mai ƙosai ke jiran takardunmu fa? Duk mai daftari ko wasiƙar wani magabaci a ƙarƙashin gado, ya nema musu amintaccen wuri tun yana raye, kada ya bar wa magada wahala.