Mita 500 ko kilomita 2: yadda ake tsayar da nisan zaren gilashi

A jikin ƙaramar na'urar da ake jona wa wayar zaren gilashi, wadda ake kira fibre optique da Faransanci, akan ga haruffa kamar SR, DR, FR, LR ko ER. Haruffan suna nuna iyakar nisan da haske zai kai saƙo ba tare da ya lalace ba, kuma kowane adadi sai da injiniyoyi suka kai ruwa rana kafin su amince da shi.

Wa ke yanke hukunci?

Kwamitin 802.3 na ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE, mai hedikwata a Amurka, shi ke rubuta ƙa'idojin Ethernet. Mahalartansa sun haɗa da ma'aikatan kamfanonin ƙera leza, na sadarwa da na manyan cibiyoyin adana bayanai. Ba a zartar da batun fasaha sai kashi 75 cikin 100 na masu ƙuri'a sun amince.

Me ya sa nisa ke jawo gardama?

Haske yana raguwa yana kuma bajewa yayin da yake tafiya cikin zare, kuma matsalar tana ƙaruwa idan gudun saƙo ya ƙaru. Zare mai faɗin ciki, mikiron 50, yana aiki da leza mai araha amma ba ya nisa. Samfurinsa na OM3 yana kai mita 300 a gudun gigabit 10 cikin daƙiƙa, amma a ƙa'idar gigabit 100 ta shekarar 2015 mita 70 kawai yake kaiwa. Zare mai siririn ciki, kimanin mikiron 9, yana kai kilomitoci, sai dai lezarsa ta fi tsada.

Nan ne gizo ke saƙa. Idan ƙa'ida ta tilasta nisa mai yawa, mai buƙatar gajeren zango zai biya kuɗin abin da ba zai amfana da shi ba. Idan kuma nisan ya gaza, wasu za su rasa na'urar da ta dace da gininsu.

Giɓin da ya tayar da ƙura

Ƙa'idar 802.3ba ta shekarar 2010 ta ba gigabit 100 zaɓin mita 100 zuwa 150, sai kilomita 10, sai kilomita 40. Babu komai a tsakani. Masu manyan cibiyoyin bayanai suka koka cewa gine-ginensu sun wuce mita 150, amma ba su kai ko kusa da kilomita 10 ba.

Kwamitin da ya shirya 802.3bm ya sa mita 500 cikin manufofinsa, amma babu shawarar da ta samu rinjayen da ake buƙata, don haka ƙa'idar ta fito a 2015 ba tare da wannan zango ba. Tun a 2014 kamfanoni suka ƙulla nasu yarjejeniyoyi a waje: PSM4 mai mita 500 da CWDM4 mai kilomita 2. Da aka zo kan gigabit 400 a ƙa'idar 802.3bs ta Disamban 2017, sai aka ba kowa nasa: mita 100, mita 500, kilomita 2 da kilomita 10. A 2021 ma ƙa'idar 802.3cu ta tsaya a kilomita 6 ga wani samfurin gigabit 400, duk da an saba ganin 10 a ajin LR.

Ma'anar haruffan

SR: gajeren zango, galibi kimanin mita 100 a manyan gudu.
DR: mita 500.
FR: kilomita 2.
LR: kilomita 10.
ER: kilomita 40.

Abin lura ga mai saye

Banki ko jami'a a Yamai, Garwa ko Njamena da ke son haɗa gine-gine biyu, tsawon wayar da aka binne za ta auna, ba tazarar da ido ke gani ba. Kowace mahaɗa tana rage ƙarfin haske, ƙura a bakin zare ma haka. Na'urar ER kuwa, idan aka ɗora ta a gajeren zango ba tare da abin rage haske ba, tana iya lalata ta ɗaya ɓangaren.