Tarihin Neman Hasken Taurarin Farko

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin ƙoƙarin da masana ilmin taurari suka yi na gano taurarin farko, waɗanda suka haskaka sararin samaniya sama da shekaru biliyan 13 da suka wuce. Nisansu ya kai matsayin da ba a iya ganin kowanne shi kaɗai, don haka aka koma neman haskensu a dunƙule, kamar yadda matafiyi kan hangi hasken birni da dare tun bai bambance fitila ɗaya ba.

Mafarin Nazarin

A shekarar 1967 ne Partridge da Peebles na Jami'ar Princeton suka yi hasashen cewa garkunan taurari na farko sun bar wani haske da ya game sararin samaniya. Da yake sararin yana ta faɗaɗa, zangon wannan haske ya miƙe har ya zarce na ja, wato ya fita daga abin da ido ke gani. Babbar matsalar kuwa ita ce ƙurar da ke kewaye da rana, wadda haskenta ke dushe shi. Wannan ƙura ce ke haifar da abin da malaman fiƙihu ke kira alfijirin ƙarya.

A 1989 hukumar NASA ta harba tauraron ɗan'adam mai suna COBE, kuma a 1998 Hauser da abokan aikinsa suka sanar da auna wani sashe na hasken. Sai dai mafi yawansa ya fito ne daga ƙurar garkunan taurari na baya-baya.

Saɓanin Masana

A 2005 Kashlinsky da jama'arsa suka ɗauki hotunan madubin Spitzer, suka share duk tauraro da garken da aka sani, sai ga dabbare-dabbaren haske sun rage. Suka danganta su ga taurarin farko. A 2012 Cooray ya kawo wata fassara, cewa hasken na taurarin da suka ɓalle daga garkunansu ne a zamani mafi kusa. Sakamakon gwajin CIBER na 2014, wanda aka yi da roka, ya ƙarfafa wannan ra'ayi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ragowar haske ba hujja ba ce sai an tabbatar da abin da aka ɗebe, domin kuskure kaɗan a lissafin ƙura na iya zama "taurari" a takarda. Duk da haka nazarin ya cancanci wahalarsa. Daga haidirojin da hiliyam kawai aka yi waɗannan taurari, kuma a cikinsu aka fara ƙera kabon da iskar oksijin da ƙarfen da ke jinin ɗan'adam. Madubin James Webb da aka harba a 2021 ya hango garkunan taurari na kimanin shekaru miliyan 300 bayan farkon sararin samaniya, abin da ya kusantar da mu ga asalin wannan haske.