P. V. Sindhu

Pusarla Venkata Sindhu, wadda aka fi sani da P. V. Sindhu (an haife ta a ranar 5 ga watan Yuli, 1995), 'yar wasan badminton ce 'yar ƙasar Indiya. Ita ce ta farko daga Indiya, a maza da mata, da ta zama zakarar duniya a wannan wasa, kuma ita ce mace ta farko 'yar ƙasar da ta ci lambar yabo sau biyu a gasar Olamfik. Tana buga wasan mata na ɗaiɗaiku. Tsayinta mita 1.79 ne, kuma an san ta da ƙarfin bugu daga sama.

Farkon rayuwa

An haifi Sindhu a birnin Hyderabad da ke kudancin Indiya. Iyayenta, P. V. Ramana da P. Vijaya, dukansu 'yan wasan ƙwallon raga ne. Mahaifinta yana cikin tawagar Indiya da ta ci lambar tagulla a wasannin ƙasashen Asiya na 1986 a birnin Seoul. Duk da haka ba ta gaji wasan iyayenta ba. Nasarar da Pullela Gopichand ya samu a gasar All England a 2001 ce ta ja hankalinta zuwa badminton, ta fara buga shi tana da shekara takwas. Ta fara koyo a hannun Mehboob Ali a Secunderabad, daga baya ta koma makarantar horon da Gopichand ya kafa a Hyderabad.

Fitowarta a fagen duniya

A watan Yulin 2012 ta lashe gasar matasan Asiya 'yan ƙasa da shekara 19, inda ta doke Nozomi Okuhara ta Japan a wasan ƙarshe. A watan Satumba na wannan shekarar ta doke Li Xuerui ta ƙasar Sin, wadda ba ta jima da cin zinare a Olamfik ɗin Landan ba. A 2013, tana da shekara 18, ta ci tagulla a gasar zakarun duniya a birnin Guangzhou, kuma kafin ita babu wata 'yar Indiya da ta taɓa samun lamba a wasan mata na ɗaiɗaiku a gasar. Ta sake cin tagulla a Copenhagen a 2014. Ta kuma lashe gasar Macau sau uku a jere, daga 2013 zuwa 2015.

Olamfik na 2016

A birnin Rio de Janeiro na ƙasar Birazil, Sindhu ta fitar da Tai Tzu-ying da Wang Yihan da Okuhara ɗaya bayan ɗaya, ta kai wasan ƙarshe da Carolina Marín ta Sifaniya. A badminton ana buga turmi uku ne, kowane zuwa maki 21, wanda ya ci biyu shi ne ya yi nasara. Sindhu ta ci turmin farko da 21–19, amma ta faɗi sauran biyun da 12–21 da 15–21. Azurfar da ta samu ita ce ta farko da wata mace 'yar Indiya ta ci a tarihin Olamfik.

Shan kaye a wasannin ƙarshe

Bayan Rio ta lashe gasar China Open a 2016, da India Open da Korea Open a 2017, kuma a watan Afrilun 2017 ta kai matsayi na biyu a jerin gwanayen duniya. Sai dai manyan kofuna sun riƙa kufce mata a wasan ƙarshe. A gasar zakarun duniya ta 2017 a Glasgow, Okuhara ta doke ta da 21–19, 20–22, 22–20 bayan minti 110 ana fafatawa, wasan da ake lissafawa cikin mafiya tsawo a tarihin wasan mata. A 2018 ta sha kaye a wasan ƙarshe sau uku a manyan gasanni: a hannun 'yar ƙasarta Saina Nehwal a wasannin ƙasashe renon Ingila, a hannun Marín a gasar zakarun duniya a Nanjing, sannan a hannun Tai Tzu-ying a wasannin ƙasashen Asiya a Jakarta. Wannan ya sa masu sharhi a Indiya suka fara tababar ko za ta iya cin babban kofi. A watan Disamban 2018 ta lashe gasar rufe shekara ta hukumar badminton ta duniya a Guangzhou, inda ta doke Okuhara da 21–19, 21–17.

Zakarar duniya

A ranar 25 ga watan Agusta, 2019, a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, Sindhu ta buga wasan ƙarshe na gasar zakarun duniya karo na uku a jere. Ta sake haɗuwa da Okuhara, ta kuma lallasa ta da 21–7, 21–7 cikin ƙasa da minti 40. A lokacin tana samun horo a hannun Kim Ji-hyun 'yar Koriya ta Kudu. Wannan ce lambarta ta biyar a gasar: tagulla biyu, azurfa biyu, zinare ɗaya. Da haka ta kamo Zhang Ning ta Sin a yawan lambobi a wasan mata na ɗaiɗaiku.

Daga Tokyo zuwa Paris

A Olamfik ɗin Tokyo, wanda aka ɗage zuwa 2021 saboda annobar korona, Tai Tzu-ying ta fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe. A ranar 1 ga Agusta ta doke He Bingjiao ta Sin da 21–13, 21–15, ta ɗauki tagulla. A 2022 ta ci zinare a wasannin ƙasashe renon Ingila a Birmingham, inda ta doke Michelle Li ta Kanada duk da ciwon da take fama da shi a ƙafar hagu. Daga baya aka gano tsagewar ƙashi ce, ta yi watanni tana jinya, kuma ta sha wahala kafin ta dawo da ƙarfinta. A Olamfik ɗin Paris na 2024 tana cikin mutum biyu da suka riƙe tutar Indiya a bikin buɗewa, amma He Bingjiao ta fitar da ita a zagayen 'yan 16. A watan Disamban shekarar ta lashe gasar Syed Modi a birnin Lucknow.

Lambobin girmamawa da rayuwarta

Gwamnatin Indiya ta ba ta lambar Arjuna a 2013, Padma Shri a 2015, Khel Ratna, wadda ita ce mafi girma a fannin wasanni a ƙasar, a 2016, sai Padma Bhushan a 2020. A 2017 gwamnatin jihar Andhra Pradesh ta ba ta muƙami a aikin gwamnati. A 2018 mujallar Forbes ta sanya ta ta bakwai a cikin 'yan wasa mata da suka fi samun kuɗi a duniya. Ta yi aure a watan Disamban 2024 a birnin Udaipur.