Yadda Ƙananan Tarukan Masu Tara Tsoffin Mujallun Zane Suka Samo Asali a Amurka

A shekarar 1896 wani mawallafi Ba'amurke mai suna Frank Munsey ya ɗauki mujallarsa, Argosy, ya cika ta da ƙagaggun labarai zalla, ya buga ta a kan takarda mafi araha a kasuwa, wadda ake yi da markaɗaɗɗen katako. Ya sa mata kuɗi santi 10. Kafin a jima sauran mawallafa suka bi sahu, aka samu ɗaruruwan irin waɗannan mujallu da Amurkawa ke kira pulp. Black Mask ta fito a 1920 da labaran 'yan sandan ciki da 'yan daba, Weird Tales a 1923 da labaran ban tsoro, Amazing Stories a 1926 da labaran tafiya duniyar taurari. Wanda ya san yadda littattafan soyayya suke yawo hannu zuwa hannu a Kano, daga mai haya zuwa ƙawa zuwa ƙanwar ƙawa, har bango ya yage, ya san irin matsayin waɗannan mujallu a wurin leburori da 'yan makaranta na wancan zamani.

Takardar tana da wata illa. Sinadarin da ke cikinta shi ke cin ta, sannu a hankali. Bayan 'yan shekaru sai ta yi rawaya, daga nan ta yi ja-ja, gefenta ya riƙa marmashewa da an taɓa. Mawallafan ba su damu ba, domin abin karatun mako guda suke sayarwa. Da littattafan zane na komik suka shigo, wato Famous Funnies a 1934, sai Action Comics mai ɗauke da Superman a 1938, sannan labaran Batman a 1939, irin wannan takarda aka ba su, da irin wannan farashi.

Ban da lalacewar takarda, mutane ma sun taya. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi gangamin tara tsoffin takardu don aikin yaƙi, yara suka riƙa bi gida-gida suna kwasowa, abin da aka fi saurin miƙa musu kuwa shi ne tarin mujallun da ke ƙarƙashin gado. Bayan yaƙi sai wata guguwa ta taso cewa komik na lalata tarbiyya. A 1948 an tara su an cinna musu wuta a garin Spencer na jihar West Virginia da Binghamton na jihar New York. A 1954 likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya fitar da littafinsa Seduction of the Innocent, kwamitin majalisar dattawa ya zauna a kan batun, kamfanoni suka kafa wa kansu hukumar tacewa don su tsira. Su kuwa mujallun pulp, talabijin da ƙananan littattafan aljihu sun riga sun ƙwace musu masu saye; babban kamfanin Street & Smith ya daina buga kusan dukkansu a 1949. To, abin da aka buga miliyoyi ya wayi gari sai an tona kafin a samu.

Yadda masu neman sa suka gano juna, nan ne labarin ya fi daɗi, domin abin ya fara ne daga ƙaramin abu: adireshi. Hugo Gernsback, mai Amazing Stories, yakan buga wasiƙun masu karatu tare da cikakken adireshinsu. Yaro a ƙauyen Ohio, wanda duk garinsu ba mai sauraron zancensa na kumbo da duniyar Mars, sai ya ga akwai irinsa a Brooklyn, ya ɗauki alƙalami. Wasiƙu suka haifi ƙungiyoyi, ƙungiyoyi suka haifi 'yan mujallun da masoya ke bugawa da kansu, daga ƙarshe aka yi babban taron masoya labaran kimiyya na farko a New York a 1939, da mutum kimanin 200. Cikin samarin da suka yi ɗawainiyar wannan harka akwai wani Julius Schwartz.

Shekara ashirin da 'yan kai bayan haka, Schwartz yana aikin edita a kamfanin komik na DC. Bai manta abin da adireshi ya yi masa ba. A 1961 ya fara buga cikakken adireshin masu aiko wasiƙa a littattafan da yake kula da su. A wannan shekarar Jerry Bails, malami a Jami'ar Wayne State da ke Detroit, ya haɗa kai da wani matashi, Roy Thomas, suka fitar da Alter Ego, 'yar mujalla da aka murza a injin kwafi na hannu. Bails ya tattara adireshin da ke shafukan wasiƙu ya riƙa aika musu. Don Thompson da Maggie Curtis, waɗanda daga baya suka yi aure, su ma suka fito da tasu, Comic Art. A bayan waɗannan 'yan mujallu ne aka fara ganin talla iri biyu da har yau su ne ruhin harkar: ga abin da nake sayarwa, ga kuma abin da nake nema.

Ciniki ta gidan waya yana da iyaka. Ba ka ga kaya ba, ba ka taɓa ba, sai dai ka yarda da bakin mai shi. Don haka a watan Maris na 1964 mutum goma sha tara suka hallara a gidan Bails, da sunan ƙirga ƙuri'un kyautar da suke bai wa gwanayen zane, kowa kuma ya zo da jakarsa. A watan Yuli na shekarar wani matashi, Bernie Bubnis, da abokansa suka kama wani ɗan zaure a New York suka yi taro na yini guda. Mai zanen Spider-Man, Steve Ditko, ya leƙo, cikin yaran da suka halarta kuma akwai George R. R. Martin, wanda daga baya labaransa suka zama Game of Thrones. A 1965 aka kafa Detroit Triple Fan Fair, wanda ya haɗa komik da fina-finai da labaran kimiyya a rufi ɗaya, Shel Dorf yana cikin masu shirya shi. Dallas ta yi nata a 1966, Houston a 1967, Oklahoma City a 1970. Amurka ƙasa ce mai faɗi, ɗan sakandare ba shi da kuɗin jirgi, saboda haka kowane yanki ya nemi otal mai sauƙin haya da mota za ta kai mutum cikin 'yan sa'o'i.

A New York wani malamin Turanci na makarantar sakandare a Brooklyn, Phil Seuling, ya fara babban taronsa na shekara-shekara a 1968, sannan ya ƙara da 'yar kasuwa ta yini guda a ranar Lahadi ta biyu ta kowane wata. Wannan tsari, zaure ɗaya da tebura da kuɗin shiga kaɗan, shi ne abin da ƙananan taruka suka gada har yau. Shi kuwa Dorf, da ya koma San Diego, ya tara wasu samari suka yi taro a ɗakin ƙasa na otal ɗin U.S. Grant a watan Agusta na 1970. Mutum 300 suka zo, baƙin da aka gayyata sun haɗa da mai zanen komik Jack Kirby da marubuci Ray Bradbury.

Masu son pulp sun ɗan makara. Su sun fi shekaru, da yawansu sun karanta The Shadow da Doc Savage tun suna fitowa sababbi a shekarun 1930, kuma a tarukan komik kusurwa ɗaya kawai ake bar musu. A 1972 Ed Kessell da abokansa suka shirya musu nasu a St. Louis, suka kira shi Pulpcon. Daga baya Rusty Hevelin ya riƙe ragamar, taron ya fi zama a Dayton ta jihar Ohio, yana gudana har 2008. Mahalartansa ba su taɓa wuce 'yan ɗaruruwa ba, amma a ganina babu taron da ya yi aikin ceto kamarsa. Sun riƙa neman tsoffin marubuta da masu zane da duniya ta manta da su, su kawo su gaban jama'a, su yi musu tambayoyi. Da yawan marubutan pulp da sunan aro suke rubutu, wani lokaci mutum biyar su yi tarayya a suna ɗaya. Sanin wane ne ya rubuta wane labari aiki ne da waɗannan masu tarawa suka yi shekaru suna yi, suna bin takardun biyan kuɗi na kamfanoni da bakin waɗanda suka rage da rai.

Batun zanen bango ya fi taɓa zuciya. Kowane bangon pulp daga cikakken zane aka ɗauko shi, galibi da fentin mai a kan kyalle. Walter Baumhofer, George Rozen, Norman Saunders, Frank R. Paul, duk sun yi ɗaruruwa. Da an buga, kamfani ya jingine zanen a ɗakin ajiya, in wuri ya cika a zubar. Wasu masu zanen ma ba sa son a danganta su da aikin, suna ganin na neman abinci ne kurum. Margaret Brundage ta Chicago da allin kala take yin bangon Weird Tales, ana biyan ta dala 90 kowanne. Alli ba ya jure girgiza. Da mujallar ta koma New York a 1938, aika irin wannan zane mai nisa ya zama wahala, aikin ya kuɓuce mata, ta ƙare rayuwarta cikin ƙunci. Mafi yawan zanen wannan zamani ya salwanta. Abin da ya rage, mutane irin su Robert Lesser ne suka bi shi ɗaya bayan ɗaya tun ba a ɗauke shi bakin komai ba. Ya fitar da littafi a kai a 1997, Gidan Tarihi na Brooklyn ya baje kolin tarinsa a 2003, daga baya ya miƙa shi ga gidan adana zane na New Britain a Connecticut. A ɓangaren komik ma haka aka yi: sai a 1987, bayan doguwar taƙaddama da masoya suka mara masa baya, kamfanin Marvel ya mayar wa Jack Kirby shafi kimanin 2,000 daga cikin fiye da 10,000 da ya zana wa kamfanin.

Kuɗi ya shigo a hankali, sannan ya shigo da ƙarfi. A 1970 Robert Overstreet ya fitar da bugun farko na littafinsa na farashin komik, inda aka yi wa Action Comics lamba 1 kuɗi dala 300. A 1977 wani matashin ɗan kasuwa a Denver, Chuck Rozanski, ya sayi tarin Edgar Church, mai zanen talla da ya shafe shekaru yana sayen komik yana jibgewa a ɗakin ƙasa mai sanyi da bushewa. Dubban littattafai suka fito kamar jiya aka buga su, ma'aunin kyau ya sauya. A 2000 kamfanin CGC ya fara duba littafi, ya ba shi maki har zuwa 10, ya rufe shi cikin robar da ba a buɗewa. A 2010 aka sayar da Action Comics lamba 1 a kan dala miliyan 1, a 2024 wani kwafin ya kai miliyan 6. Ba na ƙin a san darajar abu, amma littafin da aka kulle ya daina zama abin karatu, kuma da yawan tsoffin masu tarawa wannan ne ƙorafinsu.

Manyan taruka su ma suka sauya fuska. Na San Diego ya zarce mutum 130,000, kamfanonin fina-finai suka mamaye fili, kuɗin rumfa ya yi tashin gwauron zabo. A 2017 Rozanski da kansa ya janye, bayan shekara 44 yana kafa rumfa a can. Mai tsoffin takardu ya ga jama'a na wuce teburinsa da gudu zuwa layin ganin taurari, sai ya tattara akwatunansa ya koma inda aka fara.

Wannan ne ya sa ƙananan tarukan ba su mutu ba, duk da eBay da gwanjon intanet. Shelton Drum ya riƙe HeroesCon a Charlotte tun 1982 a kan komik da masu zana shi. Doug Ellis da John Gunnison suka kafa Windy City Pulp and Paper a yankin Chicago a 2001, wanda ya yi suna wajen baje zanen bango na asali. PulpFest ya gaji Pulpcon a 2009 a Columbus, ya koma kusa da Pittsburgh a 2017. Ban da su akwai ɗimbin kasuwannin yini guda a zaurukan tsoffin sojoji da na coci-coci.

In ka shiga irin wannan zaure, dogayen fararen kwalaye za ka fara gani jere a kan tebura, kowane littafi cikin ledarsa da kwali a baya don kada ya lanƙwashe. Mai saye zai zaro 'yar takardar da ya ninka har ta yi laushi, mai ɗauke da lambobin da suka rage masa, wasu an soke, wasu sun shekara ashirin suna jira. Sai ya nemi izini kafin ya buɗe leda. Zai duba ƙashin bayan littafin, ya duba ko ƙusoshin ɗinki sun yi tsatsa, ya ƙirga shafukan tsakiya don gudun an yanke wani talla, har ya kai hanci ya sansana, domin takardar da ta fara mutuwa tana da ɗan tsami. In pulp ce, gutsattsarin gefenta zai zuba a kan tebur komai lallaɓawarsa. Mai kaya kuwa yakan san labarin kowace, daga gidan wa ta fito da hannun da ta bi. Ana yin tayi, ana yin musaya ba kuɗi, da dare a yi gwanjo.

A gwanjon nan ne ake ganin damuwar da ke gaban harkar. Da yawan kayan da ake ɗagawa yanzu na mamata ne, iyalai sun kawo tarin da uba ko kaka ya shafe rayuwa yana haɗawa, ana rarraba shi kashi-kashi ga abokansa da su ma furfura ta kama. Masu shirya tarukan suna ƙoƙarin jawo matasa da sauƙaƙa musu kuɗin shiga, da ba da wuri ga ƙananan kamfanonin da ke sake buga tsoffin labaran a kan takarda mai ƙarko. Wasu tarin kuma sun sami mafaka gaba ɗaya. Bayan rasuwar Rusty Hevelin a 2011, ɗakin karatu na Jami'ar Iowa ya karɓi nasa, har da 'yan mujallun masoya kimanin 10,000, ya kuma shiga aikin ɗaukar hotonsu shafi-shafi don masu bincike su iya amfani da su ba tare da takardar ta ƙarasa marmashewa a hannunsu ba.