Tsohuwar Hanyar Alhazan Masar Ta Bakin Bahar Maliya

Kwanan baya ina koya wa yara labarin ƙasa, na rataya taswira a bango, ina nuna musu hanyar da alhazan dā su ke bi daga birnin Alƙahira zuwa Makka. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai waɗannan ba su san ƙishirwa ba, tun da ga teku nan kusa da su har su isa." 'Yan ajin suka fashe da dariya. Ni kuwa ban yi ba, gama yaron ya taɓa ainihin labarin hanyar nan. Mutum ya yi kwana ashirin yana tafiya, ruwa shimfiɗe a hannunsa na dama iyakar ganinsa, ga shi kuwa ba shi da ikon kurɓar ko tafi guda.

Tsawon hanyar kusan mil 1,000 ne, ayari ya kan ci ta cikin kwana 35 zuwa 40. A watan Shawwal a ke taruwa a wani tafki da ke arewa maso gabas da birni, ana ce masa Birkatul Hajji. Nan a ke shirya ayari kamar yadda a ke shirya rundunar yaƙi. Akwai Amirul Hajji, watau madugu, akwai alƙali, da jagabai, da masu ɗiban ruwa, da masu riƙon wuta don tafiyar dare. A gaba kuma ga raƙumin mahmal, wani ɗan ɗaki na itace lulluɓe da alharini, ba kowa a ciki, alama ce ta ikon sarkin Masar. Tare da shi a ke tafiya da rigar Ka'aba, wadda a zamanin a ke saƙawa a Masar.

Daga nan sai Ajrud kusa da Suwais, sa'an nan a ratsa hamadar Sina'i, wadda Larabawa ke kira Tihi, don an ce a cikinta Bani Isra'ila suka yi ɗimuwa. A tsakiyarta akwai Nakhal, inda aka gina tafkuna na tara ruwa. Ƙarshen hamadar wani mugun gangare ne mai duwatsu wanda ya sauka har bakin teku. Raƙumi dabba ne na sarari, ba ya son gangare, saboda haka nan a ke asarar dabbobi da kaya. Daga wannan gangare garin Aƙaba ya samo sunansa, gama dā Aila a ke ce masa. Sarkin Masar Ƙansuhul Gauri, wanda ya yi sarauta daga 1501 zuwa 1516, ya sa aka sassare duwatsun, ya kuma gina kagarar da ke garin.

Daga Aƙaba a ke juyawa kudu a bi gaɓa, teku a dama, duwatsun Hijaz a hagu. To, a nan ne ilmin jagaba ya ke, gama ba mil ya ke ƙidayawa ba, rijiyoyi ya ke ƙidayawa, ya kuma san halin kowace. A Magayir Shu'aibu, ƙasar Madyana, akwai ruwan daɗi da dabino, da kogunan dutse waɗanda mutanen wurin ke dangantawa da Annabi Shu'aibu, ko da ya ke masu bincike sun gane kaburbura ne na Nabaɗawa. A Uyunul Ƙasab ruwa na gudu cikin kyauro. Muwailih tana da kagara babba wadda Turkawa suka gina a 1560, zamanin Sarki Sulaimanu. Daga nan abin ya kan soma ɓaci. Ruwan Azlam zartsi ne. A Wajhu wata shekara a tarad da ruwa, wata shekara a tarad da rijiyoyi ƙaf. Ruwan Haura kuwa ya yi suna wajen ɓata ciki. Sai an kai Yanbu'u a ke sauke ajiyar zuciya.

Ku tuna kuma watan aikin Hajji ba ya tsayawa a lokaci guda, yana zagaya shekara cikin kamar shekara 33. Wanda ya tafi da bazara sai ya yi tafiyar dare, ya wuni ƙarƙashin ɗan mayafinsa yana tsoron iskar nan mai zafi da a ke kira samumu, wadda kan busar da salka. Ɗansa kuwa, in ya tafi bayan shekara 16, sanyi ne zai dame shi, da rigyawar da kan sauko daga duwatsu ba zato ta share zango.

Littattafan tarihi sun cika da sunayen sarakuna da madugai, amma ni wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne matalaucin da ba shi da raƙumi. Mai dukiya yana kwance cikin darbuka bisa raƙumi, bayinsa sun riga shi isa zango sun kafa laima. Mai tafiya ƙasa kuwa da sandarsa da 'yar salkarsa ya ke bin ƙurar ayari. In an isa rijiya, sai sojan sarki sun sha, dabbobin manya sun sha, kāna a ba shi abin da ya rage, galibi laka. In tambari ya buga aka tashi yana barci, ko ƙafa ta kumbura, ba mai jiransa. Gaskiya ne akwai wakafi da sarakuna suka ajiye na raƙuman sadaka masu ɗaukar ruwa da gurasa da gajiyayyu, amma ina raƙuma kaɗan za su kai ga dubban mutane? Wani magatakardan ayarin, Abdulƙadir Aljaziri, wanda ya yi ta bin hanyar shekara da shekaru a ƙarni na 16, ya bar littafi mai bayyana zangunanta ɗaya ɗaya, da kuɗin da a ke kashewa, da irin ɓarnar da a ke yi.

Sa'an nan ga Larabawan daji. An raba hanyar yanki yanki, kowace kabila da nata, Huwaiɗat da Bali da Juhaina da Harbu da sauransu, ana biyansu kuɗi kowace shekara don su tsare ta. An fi tunawa da su da sunan 'yan fashi, amma a ganina ba a yi musu cikakken adalci ba. Rijiyoyin nan nasu ne, da su su ke rayuwa, ayari kuwa ya kan shanye su cikin dare guda. Sau da yawa madugu ne ke cinye kuɗinsu, su kuwa su huce a kan na bayan ayari, watau dai talakan nan mai sanda.

Bayan Yanbu'u sai Badar, inda hanyar Madina ta haɗu da wannan, sai Rabig kusa da Juhfa, inda mutanen Masar ke ɗaura harami. Daga nan a bar teku a baya, a bi ta Khulais da Usfan a shiga Makka.

Ba kullum hanyar ke buɗe ba. Marubucin nan Maƙrizi ya ce fiye da shekara 200 ba a bi ta ba. Fari da yunwa da rikicin Masar suka fara rufe ta, sa'an nan Turawan yaƙin Salibi suka kama Aila a 1116. Salahuddini ya ƙwace ta a 1170, amma wani sarkinsu mai riƙe da Karak, Larabawa na ce masa Arnaɗ, ya sa aka ɗauko jirage gunduwa gunduwa bisa raƙuma, aka harhaɗa su a teku a 1182, suka yi ta ɓarna har gaɓar Hijaz kafin jiragen Masar su kama su. A zamanin nan alhazai kan hau kogin Nilu zuwa Ƙus, su ratsa hamada zuwa Aizab, su ƙetare zuwa Jidda cikin jiragen da aka ɗinke da igiya, ba ƙusa ko ɗaya. Ibn Jubairu ya bi nan a 1183, ya ba da labarin yadda masu jirage ke cusa mutane don kwaɗayin kuɗi. Girgam na Barno ma ya ce Mai Dunama ɗan Hume a tekun nan ya halaka, a tafiyarsa ta uku. Sai a 1266 Sarki Baibars ya sāke tura ayari ta tudu.

Wannan hanya Mansa Musa na Mali ya bi a 1324. Kowa ya san labarin zinariyar da ya watsar a Alƙahira, amma kaɗan ne suka san yadda ya komo. Aikin Hajjin shekarar a cikin Nuwamba ya faɗo, komowa ta zama cikin tsananin hunturu. Marubutan Larabawa sun ce jama'arsa sun rabu da ayari sun ɓace, suka yi ta bin gaɓa suna cin kifi in sun samu, Larabawan daji na tsintar na baya, sanyi ya kashe mutane da raƙuma da yawa, har Allah ya fid da su Suwais. Sarkin da ya shiga Masar da kayan zinariya sai da ya ci bashin fatake kafin ya kama hanyar gida. Ɗaya daga masu binsa bashin, Sirajuddini ɗan Kuwaik, ya bi sawunsa har Tambutu, can ya rasu.

Komowa dai ita ce mai wuya ga kowa, gama guzuri ya ƙare, dabbobi sun rame. Don haka alhazai kan bar ajiyar abinci a kagarun hanya tun wajen zuwa, daga Masar kuma a kan turo ayarin taryo da gari da wake da ruwa, ya jira su a Azlam, wadda ke kamar tsakiyar hanya. Masu wasiƙa su wuce gaba da albishir, ayari ya shiga birni wajen watan Safar.

Jirgin ruwa mai hayaƙi ne ya kashe hanyar. Jirgin ƙasa ya kai Suwais a 1858, aka buɗe mashigin ruwan Suwais a 1869, cikin shekarun 1880 mahmal kansa ya koma bin jirgi zuwa Jidda. Alhazan ƙasarmu kuwa na ƙarni na 19 da farkon na 20 galibi gabas su ke miƙewa, ta Barno da Wadai da Darfur, su ƙetare daga Sawakin. Wanda ya so bin tsohuwar hanyar da ƙafa yau, sai ya ratsa iyakar Masar da Isra'ila da Urdun da Saudiyya a ɗan kusurwar nan ta Aƙaba. Kagarun Muwailih da Azlam da ta kusa da Wajhu suna nan tsaye, a 2015 kuma hukumar Saudiyya ta sa hanyar cikin jerin wuraren da ta ke neman a lasafta cikin kayan tarihin duniya.