Yadda ake gane adadin iskar da ta dace da tayar mota

Iskar da ke cikin taya ita ce ke ɗauke da nauyin mota da fasinjoji da kaya. Duk da haka, direbobi da dama a ƙasar nan sun bar wa mai faci hukuncin yawan iskar da za a ba tayoyinsu, wasu kuma sukan shuri tayar da ƙafa su ce ta yi. Alhali kamfanin da ya ƙera motar ne ke ƙayyade adadin, bisa la'akari da nauyinta da girman tayoyinta.

Inda ake samun adadin

A yawancin motoci akwai wata 'yar takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, wadda ake gani da zarar an buɗe ƙofar. A wasu motocin, musamman ƙirar Turai, tana cikin murfin tankin mai. Haka kuma bayanin na cikin littafin da ke zuwa da motar. Takardar kan nuna adadin tayoyin gaba da na baya, domin ba lallai su zo ɗaya ba, wata kuma takan ƙara adadi na biyu na lokacin da aka cika motar da mutane da kaya.

Ƙananan motoci galibi suna buƙatar PSI 30 zuwa 35. Idan an rubuta da ma'aunin bar ko kPa, to bar 1 daidai yake da kPa 100, wato kimanin PSI 14.5. Ke nan PSI 32 ya yi daidai da bar 2.2.

Lambar da ke jikin taya

Kuskuren da aka fi yi shi ne bin lambar da ke rubuce a gefen tayar, kamar PSI 44 ko 51. Wannan lamba iyakar iskar da aka amince a ba tayar ce, ba adadin da motar ke buƙata ba, domin taya iri ɗaya kan shiga motoci masu nauyi daban-daban.

Lokacin aunawa

Ana auna iska ne yayin da taya ta huce, wato bayan mota ta yi aƙalla awa uku a tsaye. Tafiya na ɗumama iskar, sai geji ya nuna adadi sama da na ainihi. Saboda haka bai dace direba ya tsaya a tsakiyar tafiya ya rage iska don ya ga ta hau ba. Idan tayar ta huce, sai ta koma ƙasa da ƙa'ida.

Yanayi ma na da tasiri. Duk sauyin zafi na kimanin digiri 5 zuwa 6 a ma'aunin Salshiyas kan sauya iskar da kusan PSI 1, don haka tayar da aka daidaita da bazara za ta iya nuna ƙasa da safiyar hunturu. Ko lafiyayyar taya takan yi asarar kusan PSI 1 a wata, shi ya sa ake son a duba sau ɗaya a wata, da kuma kafin doguwar tafiya. Kada a manta da safaya, musamman ƙaramar nan siririya, wadda galibi ke buƙatar PSI 60.

Illar ƙaranci da yawa

Taya mai ƙarancin iska takan yi ta lanƙwashewa a kan kwalta, ta ɗau zafi, har ta kai ga fashewa ana cikin gudu. Tana kuma ƙara shan mai, ta cinye ta gefe biyu. Wadda iska ta yi wa yawa kuwa tsakiyarta ke cinyewa, riƙonta ga titi ya ragu, ramuka su fi yi mata illa.

Tun daga 2007 dokar Amurka ta wajabta sanya na'urar gargaɗin iskar taya a sababbin ƙananan motoci, don haka motocin tokumbo da yawa na da ita. Sai dai fitilarta takan kunnu ne bayan iska ta ragu da kusan kashi 25 cikin 100. Direban da ya ajiye nasa geji a mota, ya kuma faɗa wa mai faci adadin da ke jikin ƙofarsa, zai gano matsalar tun kafin fitilar ta haska.