Yoyon Internet Explorer da rigimar inda za a ajiye bayani

Duk mai gina shafin intanet yakan so ya rataya wa wani ɓangare na shafin ƙarin bayani: wannan maɓalli na kaya mai lamba kaza ne, wancan layi an riga an zaɓe shi. A zamanin Internet Explorer 6, wanda ya fito a 2001, hanya mafi sauri ita ce a liƙa bayanin kai tsaye a jikin ɓangaren ta JavaScript. Ashe akwai rami a gaba.

Burauzar tana da masu shara iri biyu da ba sa ga maciji. Injin JScript yana bin diddigin abin da aka daina amfani da shi ya kwashe. Ɓangarorin shafi kuwa suna ƙarƙashin tsarin COM, wanda ƙidaya kawai yake yi: abubuwa nawa ne ke riƙe da wannan? Sai lissafin ya koma sifili zai saki. To idan ɓangaren shafi ya riƙe wani abu na JavaScript, shi ma abin ya riƙe ɓangaren, lissafi ba ya taɓa kaiwa sifili. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yi ta cika ko da an bar shafin, har sai an rufe burauzar ɗungurungum. Mai aikin ofis yakan ɗora laifin a kan tsufan kwamfutarsa.

Dabarar da jQuery ta John Resig ta fito da ita a 2007 mai wayo ce. Ta ajiye bayanan a wani rumbu na daban, ta bar wa ɓangaren shafin lamba kawai, kamar tikitin ajiyar kaya a tasha. Zoben ya karye, amma da kuɗinsa: kafin a cire wani yanki na shafi, dole jQuery ta bi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya tana goge ajiyarsu, kuma wanda ya cire shi ta bayan fage ya bar kaya a rumbu ba mai ɗauka.

HTML5 ta halatta rubuta bayani a alamomin da ke farawa da data-. Suna da kyau ga abin da CSS ke buƙatar gani, sai dai rubutu zalla suke ɗauka, kuma sauya su na iya sa burauza ta sake lissafin fasalin shafi. A tebur mai layi dubu goma, ana jin nauyin.

WeakMap, da ta shiga ƙa'idar JavaScript a 2015, ita ce a ganina ta biya ainihin buƙatar: rumbu na daban wanda riƙonsa ba ya hana shara, da zarar ɓangaren ya tafi ajiyarsa ta bi shi. Ita kuwa jQuery, da ta yi sallama da tsofaffin Internet Explorer a 2013, daga baya ta koma ajiye bayanan a jikin ɓangaren, wato hanyar da aka ƙirƙiro rumbun don guje mata.